Zauren Akawu: Buhunan Da Suka Ɓace A Takarda

Cikin wasiƙun da Edita ya miƙo mini makon nan akwai wata daga Argungu, wadda na ga ya kamata in jingine sauran tukuna in amsa ta, gama mutuncin mutum ne a cikinta. Mai wasiƙar malamin makaranta ne. Ya roƙa kada a buga sunansa, na kuwa yarda. Ga abin da ya ce, na rage tsawonsa kaɗan:

"Gaisuwa mai yawa da ladabi. Bayan haka, ni ne magatakardan wata ƙungiyar manoman shinkafa a ƙasarmu. Mu kan ba mutanenmu iri da taki bashi, su biya da shanshera bayan girbi. Duk buhun da aka kawo ina rubuta shi cikin jadawalin lissafi a kwamfuta, yanzu layi 860 ke nan. Shugabanninmu sun ce in faɗa musu jimlar buhun da mutanen Gulma suka kawo, na noman rani kaɗai, na irin Faro 44 kaɗai. Na kwana uku ina bin layi da yatsa ina tarawa, na sami jimla uku, ba wadda ta yi daidai da 'yar'uwarta. Ga babban taro ya matso, har na fara jin ana ƙus-ƙus in na wuce. Wallahi ban taɓa ko kwano ɗaya ba. Ka agaje ni."

To, Malam, na ji, Allah ya fid da kai. Abin da ya same ka ya sami akawu da yawa a lardin nan. Tun ran 17 ga Nuwamba, 1915 ba a yi wani abu ba mai kama da wanda aka yi bayan shekara ɗari daidai, in ji wani abokina mai son ba'a, yana nufin ran 17 ga Nuwamba, 2015, sa'ad da Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya buɗe shirin nan na Babban Bankin Nijeriya na ba manoman shinkafa rance. Daga ran nan takardu suka yi yawa a fadamar Rima. Aka kafa ƙungiyoyi, aka rubuta sunaye, injin casar Labana yana aiki a Birnin Kebbi, aka kuma buɗe na WACOT a Argungu cikin 2017. Kowane buhu da ya motsa sai wani ya rubuta shi. Galibi kuwa wanda a kan ɗora wa rubutun shi ne malamin makaranta ko wani tsohon akawu, domin shi ne mai karatu a gari, ba wanda ya tambaye shi ko an taɓa koya masa aikin.

Bari in fara da yadda na tarar iyayenmu suna yi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin haraji ne a En'e ta Gwandu, tun ana lissafi da fam da sule da kwabo, kafin naira ta zo ran 1 ga Janairu, 1973. In aka ce masa ana son jimlar abin da ƙauye kaza ya biya cikin wata kaza, sai ya ɗauki rula da fensir. Ya bi littafin tun daga sama har ƙasa, duk layin da ke na ƙauyen ya ɗiga masa ɗigo. Ya komo sama, ya bi masu ɗigo kaɗai, wanda ya faɗa cikin watan ya ja masa gicciye. Sa'an nan a karo na uku ya tara masu gicciye. Ba ya taɓa yin dubawa da tarawa lokaci guda. Ya kan ce ido ɗaya ba ya aiki biyu. Ina tsammani nan ne Malam ya fara tuntuɓe, yana duba sharaɗi uku yana kuma riƙe da jimla a ka, ga dare, ga gajiyar makaranta.

Na'urar da ke gaban Malam ta iya aikin rula da fensir ɗin nan sarai, sai dai ba a gaya masa sunan da za ya kira ta da shi ba. Shi jadawalin kwamfuta ba daɗaɗɗen abu ba ne ƙwarai. Wasu mutum biyu a Amurka, Dan Bricklin da Bob Frankston, su suka fito da na farko da ya bazu, mai suna VisiCalc, cikin 1979. Lotus 1-2-3 ya biyo baya cikin 1983, Excel kuma cikin 1985. Umurnin da mu ke bukata yau sunansa SUMIFS, ya shigo ne da Excel na 2007, yana kuma nan cikin Google Sheets da LibreOffice, har a wayar hannu. Ma'anarsa a taƙaice ita ce, tara mini adadin da ke layukan da suka cika dukan sharuɗɗan da zan faɗa maka. Yana karɓar sharaɗi har 127, ko da ya ke ban taɓa ganin akawun da ya wuce biyar ba.

Malam ya aiko da hoton kan jadawalinsa. Layukan tsaye suna da haruffa, na kwance suna da lamba, kowane gida kuma sunansa harafi da lamba, kamar F2. A tsarinsa A sunan manomi ne, B gari, C lokacin noma, watau rani ko damina, D irin shinkafa, E ranar da aka kawo, F yawan buhu. Layi na 1 na kanu ne, saboda haka rubutu ya fara daga na 2 ya tsaya a na 861. To, Malam, nemi wani gida wofi a gefe, ka rubuta wannan daidai yadda ka gan shi:

=SUMIFS(F2:F861,B2:B861,"Gulma",C2:C861,"rani",D2:D861,"Faro 44")

Kada tsawonsa ya tsorata ka. Abu na fari cikin baka shi ne inda adadin ya ke, watau F. Duk sauran bibbiyu su ke tafiya: inda za a duba, da abin da za a nema a wurin. Duba B, nemi Gulma. Duba C, nemi rani. Duba D, nemi Faro 44. Kamar gidan sarauta ne mai zaure uku, kowane zaure da dogarinsa. Layin da dogarin fari ya bari ya wuce sai ya tarar da na biyu, wanda kuwa ya tsallake duka ukun shi kaɗai za a ƙidaya buhunsa.

Ni ba na yarda da wani umurni sai na gwada shi bisa abin da zan iya tarawa da ka. Ga layi shida na misali, kowa ya gwada tare da ni. Na fari, Gulma, rani, Faro 44, buhu 12. Na biyu, Sauwa, rani, Faro 44, buhu 20. Na uku, Gulma, damina, Faro 44, buhu 9. Na huɗu, Gulma, rani, Faro 52, buhu 15. Na biyar, Gulma, rani, Faro 44, buhu 7. Na shida, Alwasa, damina, Faro 52, buhu 30. Duka jimla 93. A zauren fari aka tsai da na Sauwa da na Alwasa, saura huɗu na Gulma, buhu 43. A na biyu aka tsai da na damina, saura buhu 34. A na uku aka tsai da Faro 52, saura 12 da 7, watau 19. In ka rubuta layukan nan shida, ka ba da umurnin, ya nuna maka 19, to, hannunka ya faɗa daidai, sai ka koma kan babban jadawali.

Akwai wansa mai suna SUMIF, wanda ba shi da harafin ƙarshe, sharaɗi ɗaya kurum ya ke ɗauka. Mutane su kan rikice tsakaninsu, domin shi wan a ƙarshe a ke gaya masa inda adadi ya ke, ƙanen kuwa a farko. Shawarata ita ce a bar wan ya huta, gama ƙanen yana yin aikin sharaɗi ɗaya ma. Maƙwabtanmu kuma na Gaya da Dosso, waɗanda kwamfutarsu ke jin Faransanci, su a wurinsu sunansa SOMME.SI.ENS, kuma da waƙafi mai ruwa su ke raba sassansa maimakon waƙafi. Na faɗi wannan domin 'yan kasuwarmu na Kamba da ke musayar takardu da su.

Da a ce iyakar zancen ke nan, da na sa aya. Amma wanda ya ba ka wuƙa bai nuna maka kaifinta ba bai gama taimakonka ba. Umurnin nan yana da hali guda mai hatsari: in ya tsallake layi ba ya faɗa. Ya ba ka jimla sumul, ka ɗauka ka tafi taro, alhali kuwa ta gaza. Ni kaina ya taɓa yi mini haka, har yau kuwa in na tuna sai kunya ta kama ni.

Wata shekara ina riƙe da lissafin wani sito a nan Birnin Kebbi, inda manoma ke kawo shanshera. Aka tambaye ni na mutanen Gwadangaji. Na ba da umurni, na sami jimla, na kai. Sai dattijon da ke shugabantarsu ya fito da wani ɗan littafi da ya sha maiƙo, ya ce, "Malam, buhun da munka kawo ya ɗara wannan da 37." Na ce masa na'ura ba ta kuskure. Kai, ka ji maganar wauta! Nan da nan idon kowa ya koma kan mai tsaron sito, wani bawan Allah mai 'ya'ya bakwai, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Ya yi ta rantsuwa, ba mai sauraronsa. Daren nan ban yi barci ba. Da asuba na koma na bi layukan ɗaya ɗaya yadda mahaifina ke yi, sai ga buhunan nan 37 zaune cikin jadawali, ko ɗaya bai yi ƙafa ba. Ashe yaron da ke taya ni rubutu, in ya zo sunan garin wani lokaci ya kan rubuta Gwadangwaji, ni kuwa Gwadangaji na nema. A layi biyu kuma an rubuta sunan daidai, amma an buga fili wofi a bayansa, abin da ido ba ya gani, ita kuwa na'ura a wurinta wani gari ne dabam. Na tafi har gida na ba mai tsaron siton haƙuri gaban mutane. Ya ce ya yafe, amma bai ƙara sakin jiki da ni ba har na bar aikin.

Saboda haka, Malam, tun ba ka gaskata jimlar Gulma ba, duba yadda aka rubuta Gulma. Na'urar ba ta damu da babban baƙi ko ƙarami ba, GULMA da gulma duk ɗaya ne a wurinta. Amma harafi ɗaya in ya sauya, ko fili ya ƙaru, ta rabu da kai. Birnin Kebbi kaɗai na ga an rubuta shi iri huɗu cikin littafi guda, har da B/Kebbi da BK. Mu masu rubutun Hausa muna da ƙarin namu, watau haruffa masu lanƙwasa. Wanda ya rubuta "an karɓa" da wanda ya rubuta "an karba" abu ɗaya su ke nufi, ita kuwa kalma biyu ta gani.

Akwai dabarar tauraro. In ka rubuta "Gwadan*" a matsayin abin nema, za ta kama duk sunan da ya fara da waɗannan haruffa, kome ya biyo baya. Da na san wannan a lokacin, da ban kunyata bawan Allah ba. Amma a yi hankali da ita. Wanda ya yi ƙyuya ya rubuta "Gul*" ya haɗa Gulma ta ƙasar Argungu da Gulumbe ta ƙasar Birnin Kebbi cikin tukunya guda. Wanda kuwa ya rubuta "Tunga*" a ƙasar nan tamu, inda tunga ta fi a ƙirga, sai dai Allah ya kyauta. Abin da ya fi shi ne a gyara rubutun tun daga tushe. A cikin jadawalin akwai hanyar da a ke tsara jerin sunayen garuruwa sau ɗaya, mai rubutu ya riƙa zaɓa daga ciki, in ya buga wani abu dabam ta ƙi karɓa. Aikin rabin sa'a ne, ya kuwa raba ka da rigimar shekara.

Na biyu, duba layin F kansa. Adadi tsirara a ke so a ciki. In wani ya rubuta "buhu 12" ko "12 da rabi", na'ura ta ɗauke shi magana ce, ta tsallake, ba ta ce uffan ba. Haka in aka buga harafin O maimakon sifiri. Rabin buhu a rubuta shi 0.5. Alamar da za ka gane ita ce, in ba a taɓa tsarin jadawalin ba, adadi na gaskiya ya kan jingina dama cikin gidansa, magana kuwa ta jingina hagu. Bi layin da ido daga sama, duk wanda ka ga ya karkata hagu ka tuhume shi. Tun da kuma mun zo nan, in faɗi wani abu da ba na na'ura ba ne. Buhun taki kilo 50 ne, kowa ya sani, amma buhun shanshera ya danganta ga wanda ya ɗura shi da wanda ya ɗinke bakinsa. Ƙungiyar da ke da sikeli ta ƙara layi guda na kilo, ta riƙa tara wannan.

Yanzu zancen kwanan wata, gama na tabbata shugabannin Malam za su ce masa, to, na watan Afrilu fa? Sharaɗi biyu za ka ɗora bisa layin E, ɗaya ya tsare farkon wata ɗaya ya tsare ƙarshensa. Rubuta 1 ga Afrilu a gidan J1, 30 ga Afrilu a gidan J2, sa'an nan ka ce:

=SUMIFS(F2:F861,B2:B861,"Gulma",E2:E861,">="&J1,E2:E861,"<="&J2)

Alamar farko tana nufin daga ran nan zuwa gaba, ta biyu daga ran nan zuwa baya. Gobe in an ce na Mayu, ranakun J1 da J2 kaɗai za ka sake. Tarkon da ke nan na Amurkawa ne, domin su wata su ke fara rubutawa kafin rana, kwamfutoci da yawa kuwa da tsarinsu su ke zuwa mana. Kai ka buga 4/5/2024 kana nufin 4 ga Mayu, ita ta karanta 5 ga Afrilu, buhun Mayu ya koma Afrilu. In kuwa ka buga 25/4/2024, ta duba ta ga babu wata na 25, sai ta ajiye shi a matsayin magana, ya fita daga lissafi ɗungum. Nan ma karkata hagu ita ke tona shi.

Akwai kuma alamar da ke nufin ban da. Kowa ya tuna ambaliyar damina ta 2020, yadda ruwa ya shafe gonakin shinkafa a jihar nan. A shekara irin wannan ƙungiya ta kan ɗaga wa waɗanda ruwa ya ci gonarsu ƙafa. In an buɗe layin G aka rubuta "ambaliya" gaban sunayensu, sai ka ƙara G2:G861,"<>ambaliya" cikin umurnin, ya tara na kowa ban da su.

Ga wani wuri da har masu ilmi ke faɗawa, watau bambancin "da" da "ko". Shi umurnin nan "da" kaɗai ya sani, wannan da wannan da wannan. In aka ce maka ana son na Gulma da na Alwasa a haɗe, ka tashi ka rubuta B Gulma, ka sake rubuta B Alwasa cikin umurni guda, sifiri za ka samu, domin ba layin da garinsa Gulma ne kuma Alwasa ne lokaci guda. Hausa ce ta ruɗe ka, bakinka ya ce "da" amma abin da ka ke nufi "ko" ne. Sai ka yi umurni biyu ka haɗa su da alamar tarawa. A misalinmu na ɗazu, 43 da 30, watau 73. Wannan ya yi kyau domin gari biyu ba su haɗa layi. Amma in aka ce duk abin da ya ke na Gulma ne ko na rani ne, ka tara 43 na Gulma da 54 na rani, sai ka sami 97, alhali duk abin da ke siton 93 ne. Ina huɗun suka fito, har da ƙari? Buhu 34 ɗin nan da su ke na Gulma kuma na rani an ƙidaya su sau biyu. Sai an ɗebe su sau ɗaya, saura 63. Akawun da jimlarsa ta gaza a kan ce ya ci, wanda tasa ta yi yawa kuwa shi za a ce ya kawo cikon da babu shi.

Sai kuma iyakar layi. Dukan sassan umurnin tilas su fara wuri ɗaya su tsaya wuri ɗaya. In F ya tsaya a 861, B ya tsaya a 850, za ta nuna maka #VALUE! ta ƙi aiki. Wannan kuskure mai albarka ne, tun da yana ihu. Mugun shi ne na gobe, sa'ad da Malam za ya ƙara layi na 862 da na 863, umurni kuwa yana nan tsaye a 861. Maganinsa a rubuta F:F da B:B da C:C ba lamba, watau layin duka har ƙasa.

Kada Malam ya ga kamar mu ne kaɗai a baya. Cikin 2010 wasu shaihunan malamai biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka fid da takarda kan bashin ƙasashe, manyan masu mulki a Turai da Amurka suka yi ta kafa hujja da ita wajen tsuke bakin aljihun gwamnati. Cikin 2013 wani ɗalibi mai suna Thomas Herndon ya karɓi jadawalinsu ya duba, ya tarar umurninsu bai kai ƙasa ba, ya bar ƙasashe biyar a waje. A Ingila kuma cikin Oktoba 2020, lokacin annobar korona, hukumar lafiyarsu ta tarar mutum 15,841 da gwaji ya nuna sun kamu ba su shiga ƙidaya ba, domin an zuba sunayen cikin tsohon samfurin jadawali wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536, sabon kuwa yana ɗaukar 1,048,576. Kwana da kwanaki ba a nemi waɗanda suka yi cuɗanya da su ba. In masu digiri sun yi haka, malamin firamare da ke aiki da hasken tocila ba abin zargi ba ne.

To, yaya mutum za ya san jimlarsa ta cika? Ga abin da ni ke yi tun daga ranar Gwadangaji, ban kuwa ƙara fashinsa ba. Jera sunayen dukan garuruwan ƙungiya a layin L, daga L2 zuwa ƙasa. A gidan M2 rubuta =SUMIFS(F:F,B:B,L2) ka jawo shi ƙasa, kowane gari ya sami jimlarsa. Tara jimlolin nan duka. A wani gida kuma rubuta =SUM(F:F), watau dukan buhu ba sharaɗi. In biyun sun yi daidai, ba garin da ya ɓuya. In sun bambanta, bambancin shi ne yawan buhun da sunan garinsu ya karkace, sai ka shiga nema. Yi haka ga rani da damina, yi haka ga iri. Wannan ba za ya kama adadin da aka rubuta da magana ba, domin duka biyun tsallake shi su ke yi. Shi kuwa ga tarkonsa: =COUNTA(A:A) yana ƙirga gidajen da ke da rubutu a layin suna, =COUNT(F:F) yana ƙirga masu adadi na gaskiya kaɗai a layin buhu. Na farko ya kamata ya ɗara na biyu da ɗaya tak, watau layin kanu. A jadawalin Malam 861 da 860 ke nan. In ratar ta fi haka, akwai buhun da ba a tarawa.

Shi wannan umurni yana da 'yan'uwa masu tafiya irin tasa. COUNTIFS yana ƙirga yawan layukan da suka cika sharaɗi, AVERAGEIFS yana fid da matsakaici, MAXIFS kuma, wanda ya zo daga baya, yana nemo mafi girma. Na kan ce da ma malaman da ke zama bakin sikeli a Matan Fada ranar bikin kamun kifi su san wannan na ƙarshe. Bikin nan tun 1934 a ke lissafa farkonsa, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, kifin da ya ci na Maris 2020 kuwa kilo 78 ne. Ko da ya ke, in gaskiya za a bi, kifi mai kilo 78 ba ya bukatar kwamfuta kafin a gan shi.

Abu guda ya rage, Malam, game da ranar taron. Kada ka tashi ka karanta jimla kurum ka zauna, kada kuma ka ce na'ura ce ta faɗa, irin wautar da na yi. Yawancin mutanenka ba su karanta boko, amma kowa ya san buhun da ya ɗauko a kan jakinsa ko a bayan babur. Tace layukan Gulma su fito su kaɗai, ka buga su a takarda, ka sa wani wanda ba kai ba ya karanta suna da rana da buhu da ƙarfi, kowa ya amsa nasa. Mai ɗan littafi ya buɗe littafinsa, mai rasiɗi ya fito da shi. In an sami saɓani a gyara nan take gaban kowa, jimla kuwa za ta sake kanta da kanta suna kallo. Ka kuma ajiye kwafin jadawalin yadda ya ke kafin ka taɓa kome, domin in an tambaye ka me ka sauya ka nuna. Ina roƙonka ka rubuto mini bayan taro, ka gaya mini ko cikin jimlolin nan naka uku akwai wadda ta dace, da kuma iri nawa ka tarar an rubuta Gulma.

Malamin da ya rubuto daga Jega yana tambayar yadda za a fid da sakamakon jarrabawar 'yan aji shida, maza dabam mata dabam, ya yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Kafin nan ya duba ko duk ya cika layin jinsi, gama a hoton da ya aiko na hango gida tara wofi.

Haza wasalam. Naku,
Tsohon Akawu, Birnin Kebbi.